Waƙafi da Ɗaukar Nauyin Ilmi a Birnin Sakkwato: Sharhi a kan Wani Ra'ayi da Ya Yaɗu

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taro a kan sha'anin ilmi a Sakkwato, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a wani zaure na gwamnati, a watse ba a ambaci waƙafi ba. Maganar da ake yi kuwa kusan iri ɗaya ce, ana iya tattara ta cikin jimloli uku. Ta farko, wai a zamanin Daular Usmaniyya da dukiyar waƙafi aka riƙe makarantu da malamai da almajirai. Ta biyu, wai zuwan Turawa a 1903 shi ya rushe wannan tsari har almajiri ya faɗa bara. Ta uku, wai da zarar hukuma ta farfaɗo da waƙafi, to matsalar almajiranci ta kau.

Abin da muke nufin yi a wannan takarda shi ne mu ɗora waɗannan maganganu a kan ma'auni ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da tarihi da fiƙihu da lissafi za su ce a kansu. Mu ma muna cikin masu fatan ganin waƙafi ya kafu a ƙasar nan, saboda haka sukar da za mu yi ta cikin gida ce, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya sa muka ga ya wajaba a yi ta shi ne, a kan wannan ra'ayi ake gina dokoki, a kansa ake neman dukiyar jama'a. In tushen bai yi daidai ba, yaran da ke kwana a bakin kasuwa su za su biya kuɗin kuskuren, ba mu da ke zaune a ɗakin taro ba.

2.0 Ma'anar Waƙafi da Sharuɗɗansa

Waƙafi, wanda littattafan Malikiyya suka fi kira hubusi, shi ne mutum ya tsare wata dukiya tasa, ba za a sayar ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba, a riƙa sarrafa amfaninta a wata hanya ta alheri da ya ambata. Asalin da malamai suka fi kafa hujja da shi shi ne gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, da rijiyar Ruma da Sayyidina Usmanu ya saya a Madina. Duk wanda ya yi karatun zaure a Sakkwato ya ci karo da babin hubusi a Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Watau ke nan sanin hukuncin waƙafi ba baƙo ba ne a garin nan.

Akwai abubuwa huɗu a mazhabar Malikiyya da za mu sake komowa kansu, don haka gara mu faɗe su tun yanzu. Na ɗaya, dole abin ya kasance mallakar mai bayarwa, ko shi kansa ko amfaninsa. Na biyu, dole ya fita daga hannunsa ya shiga hannun wanda aka yi dominsa ko mai kula da shi, tun kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali ko bashi ya cinye dukiyarsa. Wannan shi ne malaman fiƙihu ke kira hauzi, in babu shi waƙafin ya ɓaci. Na uku, ba sharaɗi ba ne ya zama na har abada, ana iya yin sa na wasu shekaru. Na huɗu, ya halatta a yi shi da abin da ake ɗauka, kamar littafi da dabba.

Don sauƙin bayani za mu kasa waƙafi kashi biyu da sunayen da muka ga sun dace. Akwai waƙafi mai ci, akwai kuma waƙafi mai ciyarwa. Masallaci da ɗakin karatu da rijiya da littafi duk masu ci ne, gama ana amfani da su kansu, kuma kullum suna bukatar yaɓe ko yashewa ko sabon gafaka. Gona da shago da gidan haya su ne masu ciyarwa, don su ke kawo abin da za a biya malami a kuma sa wa almajiri a kwano. Yawancin ruɗanin da ke cikin ra'ayin da muke sharhi a kansa ya taso ne daga rashin bambanta waɗannan biyu.

3.0 Inda Waƙafi Ya Riƙe Ilmi

Ba shakka akwai ƙasashen Musulmi da waƙafi mai ciyarwa ya zama ƙashin bayan ilminsu. Makarantar Nizamiyya da waziri Nizamul Mulk ya buɗe a Bagadaza a 1067 tana da kadarorin da aka tsare mata, daga cikinsu ake biyan malamai ana ciyar da ɗalibai. Haka Mustansiriyya da aka gama a 1234. Azhar ta Alƙahira, wadda aka soma salla a cikinta a 972, ta yi ƙarnuka tana raba wa ɗalibanta gurasa daga waƙafi. Haka kuma Ƙarawiyyin ta birnin Fas.

Mutanen ƙasashenmu ma sun san wannan hanya, sun kuma bi ta. A tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira domin ɗalibansu da mahajjatansu, daga baya kuma aka sami ruwaƙin Barnawa a cikin Azhar. Askiya Muhammadu na Songhai, a hajjin da ya yi a 1496 zuwa 1497, ya sayi kadara a Madina ya tsare ta domin mutanen Takruru. Abin lura a nan shi ne, waɗannan shahararrun waƙafai na mutanen Afirka ta Yamma a can waje aka yi su, a biranen da ake da gine-ginen dutse da hayar gidaje da alƙalai masu ajiye takardun waƙafi. A gida kuwa sarakunan Barno wata hanya suka bi, watau mahram, takardar da ke ɗauke wa malami da zuriyarsa haraji da aikin sarki. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara kafin mu ɗauko hoton Bagadaza mu liƙa wa Sakkwato.

4.0 Da Me Aka Riƙe Ilmi a Sakkwato?

Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya zo ya zauna a 1815, ya rasu a 1817. Daga wannan lokaci garin ya zama matattarar malamai, kuma rubuce-rubucen da suka bari sun nuna mana yadda ake karatu. A Ida'un Nusuhi, Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa waɗanda ya yi karatu a wurinsu, mutum bayan mutum, da littafin da ya ɗauka daga kowanne. Sunayen malamai ne a ciki, ba sunayen makarantu ba. Makaranta ita ce malamin kansa: inda ya shimfiɗa buzunsa nan ce makaranta, in ya tashi ta tashi tare da shi. Shehu kansa ya yi karantarwa a Ɗegel da yawon wa'azi a Zamfara da Kabi, ɗalibai na biye da shi. Irin wannan makaranta ba ta da jikin da za a tsare wa gona.

To, da me malamin ke ci, da me yake ciyarwa? Hanyoyin sanannu ne, kuma wasunsu suna nan har yau. Da farko akwai guminsa da na almajiransa: gona da damina, ɗinki ko rubutun littattafai ko fatauci da rani. An ruwaito cewa Shehu da tufkar igiya yake samun abin da yake ci. Sai sadakar jama'a, kamar kuɗin Laraba da sadakar sauka da ƙwaryar tuwon da kowane gida ke fitarwa da dare. Sai zakka, musamman ta hatsi, dami ɗaya cikin goma. Sai baitulmali, wanda Shehu ya lissafa hanyoyin shigarsa bakwai a Kitabul Farƙi, irin su humusi da jizya da haraji da dukiyar da ba ta da magaji. Waƙafi ba ya cikinsu, gama shi ba dukiyar baitulmali ba ne. Sai kyautar sarakuna da hurumin da suke ba malamai. Daga ƙarshe, kuma wannan shi ne wanda ba mu cika son faɗa a taro ba, akwai rinji da gandu da bayi ke nomawa, waɗanda suka ba manyan gidajen sarauta da na malanta sukunin zama su yi karatu su karantar.

Karatun mata ma haka ya gudana. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara 'Yan Taru, jajis suna zuwa daga ƙauyuka da mata a bayansu, suna kawo ɗan abin da suka samu na hatsi da zuma da man shanu, ana raba wa mabukata, su kuma su koma da karatu. Tsari ne da ya daɗe bayan rasuwarta, amma a kan sadaka da amana ya tsaya.

Wannan ba ya nufin babu waƙafi a Sakkwato. Masallacin Shehu da Masallacin Bello waƙafi ne, haka maƙabartu da rijiyoyi da littattafan da aka yi hubusinsu ga masu karatu. Lokacin da Clapperton ya zo garin a 1824 ya tarar Waziri Giɗaɗo yana gina masallaci da dukiyarsa. Amma duk waɗannan masu ci ne. Anderson, a littafinsa na 1954 a kan shari'ar Musulunci a Afirka, ya lura da ƙarancin hubusi a Nijeriya ta Arewa, abin da ya gani kuwa ya dace da abin da littattafanmu suka nuna.

Akwai wata hujja da ake yawan kawowa wadda ya kamata mu tsaya a kanta. Ana cewa ai ƙasar Daular gaba ɗaya waƙafi ce. Gaskiya ne a Malikiyya ƙasar noma da aka ci da yaƙi tana zama waƙafi ga Musulmi duka, shugaba ne ke riƙe da ita a madadinsu, kuma Abdullahi ya yi bayanin hukunce-hukuncen ƙasa a Ta'alimur Radi. Sai dai wannan hukunci ne a kan wanda ke da ikon raba ƙasa. Bai ware gonar wane ya ce amfaninta na makarantar wane ne ba. In ma an duba da kyau, hujjar tana juyowa kan masu kawo ta, gama abin da ya riga ya zama na jama'a duka, mutum ɗaya ba shi da cikakkiyar mallakar da zai sake tsare shi.

5.0 Dalilan Ƙarancin Waƙafi Mai Ciyarwa

George Makdisi, a littafinsa na 1981 a kan asalin makarantun Musulunci, ya danganta ƙarancin makarantun waƙafi a ƙasashen Malikiyya da sharaɗin hauzi. A ganinsa, tun da mai bayarwa ba zai ci gaba da riƙon abin da ya tsare ba, attajirai ba su ga abin da zai ja su ba. Wannan bayani yana da ƙarfi, amma bai isa shi kaɗai ba. Fas garin Malikawa ne, duk da haka sarakunan Banu Marin sun cika shi da makarantun waƙafi a ƙarni na 14, kamar Attarin da Bu Inaniyya. Saboda haka dole mu nemi sauran dalilan a cikin tattalin arzikin ƙasarmu.

Dalili na farko shi ne, a ƙarni na 19 ƙasa tana da yawa, hannun da zai noma ta shi ne ya yi ƙaranci. Gonar da ba mai noma ta daji ce, ba wanda zai biya hayarta alhali sarki zai iya yanka masa wata. Arzikin mutum a lokacin mutanen da ke ƙarƙashinsa ne. Dalili na biyu, ginin ƙasa ba ya jimrewa sai da yaɓe kowace shekara, baƙo kuma a gidan fatoma yake sauka, saboda haka gidan haya irin na Alƙahira bai zama hanyar ajiye dukiya ba. Dalili na uku, kuɗin lokacin wuri ne, darajarsa kuwa ta yi ta faɗuwa a rabin ƙarshe na ƙarnin, ba wanda zai tsare shi don jikoki. Dalili na huɗu shi ne halin malaman jihadi kansu. Labarin Magami sananne ne, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta ranar idi, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Malamin da ya tashi da wannan tarbiyya yana ganin cin guminsa ya fi masa albashin da wani ya yanka.

6.0 Abin da Turawa Suka Rusa

Magana ta biyu tana da gaskiya a cikinta, sai dai an ɗora ta a inda ba nan take ba. Akwai ƙasashen da mulkin mallaka ya ƙwace waƙafi ƙiri-ƙiri. A Aljeriya, Faransawa sun haɗe hubusin masallatai da makarantu cikin dukiyar gwamnati tsakanin 1830 da 1843, makarantu da yawa suka mutu. A Sakkwato ba haka abin ya kasance ba, don ba a tarar da irin waɗannan kadarori da yawa ba balle a ƙwace.

Abin da ya faru bayan yaƙin Giginya na 15 ga Maris 1903 ya fi wannan zurfi. An narkar da zakka cikin harajin gwamnati bayan dokar haraji ta 1906, manomi ya ga ya riga ya biya, malami kuwa bai ga komai ba. An mai da baitulmali asusun En'e mai kasafi da albashi, wanda Razdan ke sa wa hannu, malamin allo kuma ba ya cikin jerin masu albashi. Dokar 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya, rinji ya watse. Wannan alheri ne, amma ya ɗauke ɗaya daga cikin ginshiƙan da manyan gidajen ilmi ke dogara a kai. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna. Mafi girma kuma, an canja ilmin da ke kai mutum ga aiki. Tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a 1909, boko ya zama ƙofar ofis, makarantun allo kuwa, waɗanda Turawa da kansu suka ƙiyasta sun haura 20,000 a Arewa, aka bar su su ci da kansu.

Ko bayan wannan, tsarin bai faɗi nan take ba. Ya ci gaba da tafiya a kan gona da ƙwaryar maƙwabta har zuwa lokacin da fari na 1973 da na 1984, da yawan jama'a, da tsadar rayuwa a birni suka kai shi inda unguwa ba ta iya ciyar da yaran da ake kawo mata. Wanda ya ɗora laifin duka a kan 1903 ya sauke wa kansa nauyin shekaru 60 da 'yan kai da muka yi muna mulkin kanmu.

7.0 Ƙoƙarin Zamaninmu

An yi ƙoƙari, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Tun zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na III, Marafan Sakkwato Alhaji Ahmadu Ɗanbaba ya kafa makarantar Nizamiyya, mai sunan waccan ta Bagadaza. A 1969 Shaihu Ahmad Lemu da abokan aikinsa suka kafa Islamic Education Trust, wadda ta soma aiki a Sakkwato kafin ta koma Minna. A 2007 gwamnatin jiha ta kafa kwamitin zakka da waƙafi, a 2016 aka mai da shi hukuma mai dokarta, ta kuma yi aikin taimakon marayu da marasa lafiya, ta ja hankalin jama'a ga dasa dabino da sauran itatuwa masu amfani a matsayin waƙafi. Wannan dabara ta itatuwa mun yaba da ita ƙwarai, don ta buɗe wa talaka ƙofar da a da ake gani ta attajirai ce.

Amma akwai abubuwa uku da muke ganin sun saura. Na farko, har yanzu zuciyar mai bayarwa ga gini take. Kowa na son ya gina masallaci ko aji a rubuta sunansa a bango, kaɗan ne ke son ya sayi shagon da zai biya ladani da malami. Gwamnati ma ta faɗa wannan rami. Ranar 10 ga Afrilu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, nan cikin Sakkwato, ta farko cikin fiye da 150 da aka gina a ƙasar. An yi gini, aka miƙa wa jihohi, ba a haɗa kowace makaranta da wata kadara da za ta ciyar da ita ba. Ba a daɗe ba jaridu suka cika da labarin yadda da yawa daga cikinsu suka lalace ko aka juya su wani aiki. An ƙara yawan masu ci, ba a ƙara mai ciyarwa ko ɗaya ba.

Na biyu, haɗa zakka da waƙafi a ƙarƙashin rufi ɗaya yana da haɗari, don halinsu ya saɓa. Zakka ana karɓa a raba, jinkirta ta laifi ne. Waƙafi ana karɓa a tsare, taɓa uwar dukiyar shi ne laifi. Ma'aikacin da mabukata suka cika masa ƙofa kowace safiya, da wuya ya iya tunanin shekara 30 masu zuwa. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na abin da irin waɗannan hukumomi ke rabawa daga asusun gwamnati yake fitowa, abin da ke zuwa da kasafin shekara kuwa yana iya tafiya da kasafin shekara.

Na uku, tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan waƙafi ya koma hannun gwamnati ɗungurungum. Muhammadu Ali ya karɓe filayen waƙafi a Masar a farkon ƙarni na 19, dokar 1961 kuma ta ƙarasa mai da Azhar ma'aikatar gwamnati. Tunisiya ta soke hubusi a 1956 da 1957. Attajirin Sakkwato bai karanta wannan tarihi ba watakila, amma ya san gwamna na zuwa gwamna na tafiya, shi ya sa yake noƙewa.

8.0 Abin da Waƙafi Zai Iya Yi

A 2020 gwamnatin jihar Sakkwato ta bayyana niyyar koyi da tsarin makarantun kwana na Indonesiya da ake kira pondok. In za a yi koyi, to a dubi Gontor da ke gabashin Jawa. 'Yan'uwa uku suka kafa ta a 1926, a 1958 suka fitar da ita daga hannunsu da na 'ya'yansu suka miƙa wa majalisar amintattu, makarantar kuma tana da gonakin shinkafa da shaguna da maɗaba'a da ke ɗaukar nauyinta. Sirrin nan biyu ne, hauzi na gaskiya da kadara mai ciyarwa, kuma duka biyun suna cikin littattafan da ke zaurukanmu.

Doka ba ta hana ba. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 277, ya sa shari'ar waƙafi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Dokar kamfanoni ta 1990, wadda aka sabunta a 2020, ta ba da damar yi wa amintattu rajista su mallaki kadara da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ba. Ana cewa dokar ƙasa ta 1978 cikas ce, tun da ta sa ƙasa a hannun gwamna, takardar mallaka kuma yawanci ta shekara 99 ce. A nan sassaucin Malikiyya ya yi mana rana, gama ta yarda da waƙafin amfani da kuma na ƙayyadadden lokaci. Abin da ya rage shi ne a rubuta, a sa shaidu, a yi rajista, don yawancin waƙafin da ya salwanta a garuruwanmu da baki aka yi shi, mai shi ya rasu, magada suka raba.

Sai batun lissafi, wanda masu jawabi ba su cika tsayawa a kansa ba. Mu ƙaddara kadara tana kawo kashi 10 cikin 100 na darajarta a shekara. Makarantar da ke cin naira ɗaya a shekara tana bukatar kadarar naira 10, kafin a cire kuɗin gyara da ladan mai kula, waɗanda fiƙihu ya ce su ake fara fitarwa. Wanda ya auna wannan da yawan almajiran jihar nan zai gane waƙafi ba zai ɗauke wa gwamnati nauyin da dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora mata ba, ba kuma zai ɗauke wa uba nauyin ɗansa ba. Abin da zai iya shi ne ya riƙe wasu wurare ƙayyadaddu riƙo mai ƙarfi: albashin alaramma a tsangayar da aka sani, abincin yaran da aka ƙidaya, karatun ɗalibi mai hazaƙa, da adana rubuce-rubucen da Waziri Junaidu da magabatansa suka tara.

Kadarar ma sai an zaɓa da hankali. Waƙafin kuɗi, wanda ake yayi yanzu, yana fuskantar abin da wuri ya fuskanta: a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,400. Shago ma wuta na iya cinye shi, kamar yadda aka gani a gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021. Saboda haka a rarraba, wani a fadamar Rima inda ake albasa da shinkafa, wani a gidan haya, wani a itatuwa, wani a kiwon jar akuya. Sa'an nan a riƙa karanta wa jama'a lissafin kowane waƙafi sau ɗaya a shekara, a masallacin unguwar da yake, alƙali kuma ya kasance yana da ikon tsige mai kula in ya ci amana. Aikin hukuma ya tsaya ga rajista da bincike, riƙon dukiyar ya zauna a hannun amintattu.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa magana ta farko ba ta tsaya ba, domin ilmin Sakkwato a kan gumin malami da sadaka da zakka da baitulmali da gandu ya rayu, waƙafin da aka yi kuwa mai ci ne. Magana ta biyu rabinta gaskiya ne, Turawa sun toshe hanyoyin da malami ke samu, amma ba waƙafi suka tarar suka rusa ba. Magana ta uku kuwa ta yi wa waƙafi lodin da ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa malamai mu daina cewa za mu farfaɗo da waƙafin ilmi, mu ce za mu kafa shi. Bambancin ba na lafazi kawai ba ne. Mai farfaɗowa yana zaton harsashi na nan, mai kafawa kuwa ya san sai ya haƙa. Kafa shi ba saɓa wa magabata ba ne, gama hukuncin suna karantar da shi, yanayin zamaninsu ne bai ba su kayan aikin ba, mu kuwa yau muna da filaye masu tsada da gidajen haya da rajista da banki. Muna kuma ba sashen tarihi da na shari'a shawara su sa ɗalibansu su bi unguwannin birnin nan, daga Gidaɗawa zuwa Ƙofar Rini, su rubuta kowane fili da gida da rijiya da aka ce waƙafi ne, da wanda ya bayar, da wanda ke riƙe da shi, da abin da yake kawowa. Ranar da wannan littafi ya kammala, ranar ce za mu iya zuwa wurin attajiri mu nemi shagonsa ba tare da mun sunkuyar da kai ba.

Allah ya sa mu dace.